Ƙarfen da na kwance da hannuna

Noti huɗu ne kawai. Da sifana na kwance su, ban yi minti goma ba, na ɗauki ƙarafan biyu da ke hana dandamalin da muke fenti a kai bugun gini, na jingina su a gindin bango, na ce wa ɗan yayata ya hau mu tashi. Shekara 11 ke nan da yin haka, kuma har yau duk lokacin da ya miƙo mini hannunsa na dama, sai na ji nauyin sifanar nan a tafin hannuna.

Ni mai fenti ne tun ina saurayi. Na fara da ɗakuna, tsani ɗaya da bokiti ɗaya, har maigidana ya soma samun aikin dogayen benaye ya ja ni. Idan gini ya yi tsawo sosai, kafa ƙarafa tun daga ƙasa har sama yana cin lokaci da kaya, sai a rataye dandamali daga saman rufi. Wasu na ce masa gondola. Mu dai lilo muke ce masa, domin abin da yake yi ke nan in ba a kama shi ba. Namu tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, an rubuta a jikinsa cewa kilo 630 yake ɗauka. Inji biyu ne, ɗaya a kowane gefe, kowanne yana hawa kan igiyar ƙarfe mai kaurin milimita 8 da ɗoriya, wato kamar kaurin fensir. Kusa da kowace akwai igiya ta biyu da ke ratsa wani makulli, in lilon ya karkace fiye da kima makullin ya cije ta. A saman rufi kuwa dogayen sandunan ƙarfe biyu ne suka leƙo waje ta kan rawanin ginin, an danne gindinsu da tubalan ƙarfe, kowanne kilo 25.

Duk wanda ya tsaya kallonmu daga ƙasa, tambayarsa ba ta wuce igiya da inji. Igiyar nan ba ta tsinkewa? Injin ba ya saki? Ban taɓa jin wanda ya tambayi ƙananan ƙarafa biyun da ke gaban lilon ta wajen bango ba. Kowannensu hannu ne na ƙarfe mai tsawon santimita 35, da tayar roba a bakinsa, an ɗaure shi a jikin ƙarfen ƙasan lilon. Matokari. Tayar tana bin bango tana gangarawa yayin da muke sauka, hannun kuma yana riƙe lilon a nisa guda, ba ya bari ya rungumi bango. Wani dattijo mai walda da ke kula mana da kaya shi ya ƙera su, Baba muke ce masa, kuma kowace safiya kafin mu tashi sai ya zo ya juya tayoyin da hannu ya girgiza ƙarfen. Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai ya sa shi yawan tsoro.

Ginin da abin ya faru hawa 14 ne, tsohon gini da ake sabunta masa fenti. A saman kowace taga akwai leɓen kankare da ya fito kamar santimita 20 don kare rana. Tsakanin jerin tagogi kuwa akwai shafaffen bango daga sama har ƙasa, a nan Baba ya daidaita tayoyin don su bi ba tare da sun yi karo da leɓen ba. Shafi na farko lafiya lau muka yi shi, domin daga sama muke farawa, tayoyin suna ƙasa da inda muke shafawa, ba sa taɓa ɗanyen fenti. Matsalar ta zo da shafi na biyu. Dole mu hau ta kan fentin jiya, baƙar roba kuma ta bar layi biyu baƙaƙe a kan farin bango, tun daga hawa na farko har ƙoli. Wakilin mai ginin ya gani, ya yi ta faɗa, maigidana ya kira ni ya ce in san yadda zan yi. Shi bai ce in cire ba. Wannan ina faɗa ne domin na daɗe ina neman wanda zan raba laifin da shi, ban samu ba.

Ran nan Baba bai zo ba, ba shi da lafiya. Na kwance matokaran. Da muka ɗan ɗaga lilon sai na ga ƙarfensa yana gogar bango, yana neman maƙalewa a ƙarƙashin leɓen taga. Maimakon wannan ya sa in tsaya in yi tunani, sai na hau rufi na tura sandunan waje da kamar santimita 40, don lilon ya rataya shi kaɗai ba ya taɓa komai. Ban ƙara tubali ko ɗaya a gindinsu ba. Igiyar da Baba ke ɗaure bayan kowace sanda da ita a jikin ginshiƙin kankare, ita dai na mayar, kuma ba don na san amfaninta ba, sabo ne kawai.

Ɗan yayata shekararsa 17 a lokacin, watansa biyar a hannuna. Yana sa ɗamarar tsaro ya dubi ƙarafan da na jingine ya ce, "Kawu, yau ba za mu sa tayoyin ba?"

Na ce, "Su ne suke ɓata mana aiki. Kai dai hau."

Bai sake cewa komai ba. Yaro ne mai ladabi, kuma ni na koya masa cewa a kan lilo maganar babba ake bi.

Daga hawa na 14 zuwa na 9 ban ji wani bambanci sosai ba. Da muka ƙara sauka sai lilon ya fara gudun bango. In na danna rola, maimakon fenti ya zauna sai dandamalin ya ja baya da mu, in na saki ya dawo. Duk wanda ya taɓa tura jirgin kwale-kwale daga gaɓa ya san wannan. Sai na ce wa yaron ya riƙa kama ƙarfen taga da hannu ɗaya yana jawo mu, ni ina shafawa. Haka muka yi ta yi har azahar ta gota, shi ya zama matokarin da na cire.

Muna hawa na 4, kusa da kusurwar ginin, hadari ya fara haɗuwa can nesa. Na gan shi. Na ce a raina saura taga biyu mu gama layin. Iskar da ta zo ba ta yi sallama ba, ta kusurwa ta zagayo ta shiga tsakaninmu da bango, ta fizge ƙarfen tagar daga hannun yaron. Na ga bango yana nisa da mu, mita ɗaya, mita biyu, bokitin fenti ya kife ya malale a kan takalmana. Akwai wani ɗan lokaci da lilon ya tsaya cak a can waje, shiru, har ina jin ƙarar igiya a sama. Sa'an nan ya juyo. Igiya mai tsawon mita 30 da wani abu ba ta gaggawa, fita da dawowar bai wuce daƙiƙa biyar ko shida ba, amma ya ishe ni in ga abin da zai faru. Yaron ya riƙe ƙarfen gaban lilon da hannu biyu, yatsunsa sun zagaye shi ta wajen bango, leɓen kankaren kuma yana daidai da wurin. Na buɗe baki in ce ya saki. Ban san ko muryata ta fita ba.

Ƙarar da na ji ta ƙarfe ce da kankare. Shi bai yi ihu ba sai da lilon ya sake ja baya ya dubi safar hannunsa.

Na danna maɓallin sauka. Injin nan mita 9 yake yi a minti ɗaya, ko kana kuka ko kana dariya, kuma sau biyu muka ƙara bugun bango kafin mu kai ƙasa. Na zaunar da shi a tsakiyar dandamalin, na naɗe hannun da rigata na ɗaga shi sama, ɗaya hannuna yana kan maɓalli. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Kawu, kada ka gaya wa Umma."

Yatsu biyu aka yanke, manuniya da na tsakiya. Na uku ya warke amma ba ya lanƙwasawa sosai. Yayata ta iso asibiti ta shige ni kamar ba ta gan ni ba. Sai da aka fito da shi daga ɗakin tiyata ta dawo ta tsaya a gabana ta ce, "Amana na ba ka." Ba ta ƙara kalma ɗaya ba, ni ma ban sami abin cewa ba.

Washegari wani abokin aikinmu ya hau rufin don kwance kaya, ya sauko ya ce in zo in gani. Gindin sanda ɗaya ya gusa daga inda na bar shi, tubalan sun karkace, igiyar da ke ɗaure da ginshiƙi ta miƙe tamau kamar tsarkiya. Ita ta hana sandar ɗagawa. Da ba ta nan, ba maganar yatsu za a yi ba.

Na yi wata huɗu ban hau ko tsani ba. In na rufe ido bangon nan nake gani yana tahowa. Mutane suka yi ta ce mini ƙaddara ce, na kuwa yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ya riƙe sifana. Daga baya na tashi na je wurin Baba. Na yi zaton zai zage ni, har na shirya wa zagin, domin da ya ɗan rage mini nauyi. Yana zaune yana goge wani ƙarfe, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, ɗauko mini bokitin can da igiya."

Ya cika bokitin da ruwa, ya ɗaura masa igiya, ya rataya a wata ƙusa da ke can sama jikin bangon shagonsa. Bokitin ya kwanta a jikin bango. Ya ɗauko guntun katako ya sa tsakanin bokitin da bangon ya saki. Katakon ya tsaya, bai faɗi ba.

"Me ya riƙe shi?"

Na ce, "Bokitin ne ya danne shi, Baba."

"To me ya sa bokitin yake dannawa?"

Na yi shiru. Ya nuna mini ƙusar. Duk abin da aka rataya yana son ya tsaya daidai ƙarƙashin inda aka rataye shi. Ƙusar tana kusa da bango, katakon ya ture bokitin waje, don haka bokitin yana ta neman komawa gida, da nauyinsa yake danna katakon. Haka yake kafa mana sandunan rufi: yana sa bakin igiya ya ɗan fi matsowa kusa da bango, matokari kuma ya ture lilon waje, sai nauyin lilon da namu ya zama shi ke manne tayoyin a jikin gini. Shekara da shekaru ina hawa abin nan, ban taɓa sanin cewa karkacewar igiyar da gangan aka yi ta ba. Ran da na cire matokari na tura sanduna waje, na mai da lilon bokitin da ke reto a tsakiyar rijiya.

Sai ya kwance igiyar ya ƙara mata tsawo har bokitin ya kusa taɓa ƙasa, ya sake sa katakon. Ya hura masa iska da baki ya ɗan taɓa shi da yatsa, katakon ya faɗi. Abin da ya sa ke nan lilon ya fi gudun bango da muka sauka ƙasa. Daga baya na koyi lissafinsa, kuma ba shi da wuya: ka ɗauki nauyin lilo, ka ninka da tazarar da matokari ya ture shi, ka raba da tsawon igiya. A ce lilo da mutane da kaya kilo 600 ne, an ture shi santimita 30. In igiyar da ke samanka mita 10 ce, ƙarfin da ke danna bango ya kai na kilo 18. In ta kai mita 40, ya koma kilo 4 da rabi. A mita 60, kilo 3 ne kacal, abin da mai fenti zai rinjaya da rola ɗaya, balle mai injin huda bango ko mai wanke gini da ruwa mai ƙarfi. Mutane suna tsoron ƙolin gini, amma ta fuskar reto, ƙasan dogon gini ya fi haɗari.

Tun daga ranar na zauna a shagon Baba. Shekara uku na yi ina koyon walda a hannunsa kafin Allah ya yi masa rasuwa, kuma mafi yawan abin da na ƙera a shekarun nan matokarai ne da maratayan lilo. Wani injiniya da muka yi aiki tare ya ga yadda na damu da abin, sai ya kawo mini takardun dokokin hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ya zauna ya bi su da ni. Na yi mamakin yadda abin da dattijon nan ya nuna mini da bokiti yake a rubuce. A dokar da suka yi wa lilon kula da dogayen gine-gine, sun yarda a dogara da karkatacciyar igiya da tayoyin bango ne kawai idan tsayin bai wuce ƙafa 130 ba, wato kusan mita 40, kuma dole dannawar ta kai fam 10, kimanin kilo 4 da rabi. In gini ya fi haka, sai a sami hanyar da lilon zai bi a jikin ginin, ko a kafa maɗaurai a bango duk bayan hawa uku ko mita 15, a riƙa ɗaure igiyar a jikinsu yayin da ake sauka, don tsawon da zai iya reto ya gajarta. Sun kuma ce in iska ta wuce gudun kilomita 40 a awa, ba aiki, sai dai a sauke lilon a ajiye.

Maganar tubalan da ban ƙara ba ita ma tana ciki. Sun ce nauyin da ke danne gindin sanda ya iya jure ninki huɗu na ƙarfin da ke neman kifar da ita. Injiniyan ya yi mini misali a bayan takarda. Sanda ta leƙa waje mita 1, bayanta mita 4, tana ɗauke da kilo 500, to kilo 500 za a danna mata. Ka tura ta waje da santimita 40 kamar yadda na yi, gaba ya zama mita 1.4, baya ya koma mita 3.6, nauyin da ake bukata ya haura zuwa kusan kilo 780. Sama da tubali goma ke nan a kowace sanda. Na daɗe ina kallon lambar nan. Dokar ta kuma hana a danne sanda da buhun yashi ko tsakuwa, domin buhu yana yagewa ya tsiyaye, ta hana a ɗaure igiyar baya a bututun ruwa ko na wayar lantarki. Duk waɗannan na taɓa ganin ana yi, wasu ma na taya.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne awon tazara. Matokari ba a yin sa da ka. In ya yi gajere, ƙarfen lilo zai taɓa duk abin da ya fito daga bango, leɓen taga ne ko bututu ko akwatin na'urar sanyaya ɗaki. Idan hakan ya faru kana sauka, gefe ɗaya zai hau kan leɓen ya zauna, igiya ta yi sako-sako, lilon ya karkace, sa'an nan ya zame ya faɗo da ƙarfi. Idan kana hawa ne ya fi muni, domin gefen zai maƙale a ƙarƙashin leɓe, injin yana ci gaba da ja, duk ƙarfin yana tafiya kan igiya da sandar rufi. In kuma matokarin ya yi tsawo, ka buɗe rami tsakanin mutum da aikinsa, zai riƙa miƙa jiki yana leƙawa ta kan ƙarfe. A dokar gini ta Amurka, gaban dandamali bai kamata ya wuce inci 14 daga bango ba, kusan santimita 36, sai in akwai shinge a gaban ko ɗamarar tsaro. Masu filasta an ba su har inci 18. Don haka nake ƙera nawa da bututu biyu masu kusurwa huɗu, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, da huda duk bayan santimita 5, a zura ƙusa a kulle ta da fil. Kafin in yanke ƙarfe sai na je na auna abin da ya fi fitowa a bangon, in ƙara aƙalla santimita 15 a kai. Waɗannan santimita 15 ɗin wurin hannun mutum ne. Ko iska ta ɗauke lilo ta dawo da shi, tayar ce za ta fara isa bango, ƙarfen da yatsu suka zagaye ya tsaya a baya.

Baƙin layin da ya jawo duk wannan kuwa, maganinsa bai kai ya kawo ba. Akwai tayoyi masu ruwan toka ko farare da ba sa barin shaida a fenti. In babu su, ana naɗe baƙar da tsumma mai kauri, ko a bar fentin ya ƙara kwana, ko a shafe layin da ƙaramin buroshi a saukar ƙarshe. Da na jira Baba ya warke, da cikin minti biyar ya gaya mini. Wannan ne yake ci mini rai fiye da komai.

Taya ma ba kowace ce ta dace da kowane bango ba. Ƙarama mai tauri tana lotsa bango mai laushi, irin wanda aka lulluɓe da soso aka yi masa siririn shafe, sai a sa mai faɗi ko mai iska. A ginin gilashi, kan firam ake daidaita taya, ba a bari ta bi tsakiyar gilashin. Kowane matokari ina ɗaura masa 'yar sarƙa a jikin lilo, domin ƙarfe mai kilo uku in ya suɓuce daga hawa na goma, hular kwano ba za ta yi wa na ƙasa amfani sosai ba. Wurin da ya fi tsagewa shi ne gindin walda, inda hannun ya haɗu da farantin da ake ɗaurewa, saboda duk bugu a nan yake ƙarewa. Fenti yana ɓoye tsagar, shi ya sa nake kankare wurin in duba da tocila.

Akwai kuma matokarin sama, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. A wasu gine-ginen ba a kafa sanduna, ƙugiya ce babba ake rataya a kan rawani. In an bar ta haka, bakinta yana kwanciya a jikin bango, igiyar ƙarfe ta riƙa gogar gefen kankare, zarenta yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya a wurin da ba wanda ke gani. Sai a sa wani ɗan ƙarfe a ƙasan ƙugiyar ya ture ta waje, igiya ta sauka ba ta taɓa komai. Amma wannan ɗan ƙarfen duk nauyin da ya ɗauka a bango yake sauke shi, don haka rawanin da aka yi da bulo kawai ba kankare a ciki, ba na yarda a rataya masa komai. Na taɓa barin aiki a kan wannan, mai kwangilar ya ce na cika tsoro. Na tuna wanda na taɓa gaya wa haka a zuciyata, na tattara kayana na tafi.

Ba na cewa matokari yana maganin iska. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi, kuma a kusurwar gini ta fi sauri, daidai inda ta same mu. Wanda ya ɗaura tamfol ko allon talla a jikin lilo ya ba ta abin kamawa. A watan Maris na 2002, a birnin Shikago na Amurka, iska mai ƙarfi ta ɓalle wani dandamali daga jikin dogon benen John Hancock, ya faɗo kan motoci ya kashe mata uku nan take. A watan Mayu na 2019 kuma, a birnin Oklahoma, kwandon masu wanke gilashi ya kuɓuce kusa da ƙolin wani bene mai hawa 50, ya yi ta reto yana fasa tagogi da mutum biyu a ciki, har 'yan kwana-kwana suka samu suka kama shi. Na kalli bidiyon a waya sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Kowa yana kallon tsayin, ni kuwa hannayensu nake nema, ina suka riƙe.

Ɗan yayata bai koma fenti ba. Ya yi shekara biyu yana koyon rubutu da hagu, ni kuma ina zuwa gidansu ina zama a bakin ƙofa, uwarsa tana amsa gaisuwata a taƙaice. Wata rana da yamma sai ga shi a shago, ya tsaya yana kallon ina yanka bututu, ya ce, "Kawu, ka koya mini awo. Walda ba zan iya riƙewa da kyau ba, amma tef zan iya."

Na ce, "Ummarka ta sani?"

Ya ce, "Ita ta ce in zo."

Na ajiye abin da ke hannuna na shiga ciki, na daɗe ban fito ba.

Yanzu shi ke zuwa wurin aiki kafin ni. Yana hawa rufi ya duba rawani da ginshiƙai, ya ƙirga tubalai, ya sauko ya bi bango da tef yana rubuta duk abin da ya fito. Yana maƙale bakin tef ɗin tsakanin babban yatsa da wanda ba ya lanƙwasawa, ya ja da hagu. In yaran da za su hau sun taru, ba ya yi musu dogon bayani. Yana cire safar hannu ya nuna musu inda za su riƙe, ta cikin ƙarfe, yatsu suna kallon jikinsu, sa'an nan ya durƙusa ya juya kowace taya da hannu ya girgiza ƙarfen. Makon jiya ya dawo daga wani gini mai hawa 9 ya ce bututun ruwan sama ya fito santimita 18 a ɓangaren gabas, matokaran da muka tanada ba za su yi ba sai an ƙara huda ɗaya. Na ce a tura su haka a daidaita a can. Ya ce, "A'a, Kawu, a nan za a yi." Na ɗauko injin huda.